Yadda ake haɗa takin tana a garkar gida a Damagaram

Masu ƴar garka a bayan ɗaki, daga Birni zuwa Sabon Gari da Garin Malam, sun yi ta tambaya: an ce tana na mayar da shara taki, to a gari mai zafi da ƙarancin ruwa irin namu abin zai yiwu? Yana yiwuwa. Sai dai a sani tun farko, ba yunwa ke kashe tana a Damagaram ba, zafi ne da bushewa. Da fatarta take numfashi, fatar kuwa sai da danshi take aiki. Ba ta da ido, amma jikinta na jin haske, gudunsa take yi. Ba ta da haƙori, sai abin da ya fara ruɓa take iya ci. Idan zafin makwancinta ya haura digiri 35 kuma, ta fara mutuwa ke nan. Daga waɗannan halaye nata aka tsara duk matakan nan, don haka kada a sauya jerinsu.

1. Lokacin farawa da wurin da ya dace

A haɗa tarin ruɓarwa, wato tarin taki da kara da zai ruɓe ya zama abincin tanar, a farkon Agusta, a saki tana a Satumba. A lokacin ruwa na samuwa ba sai an saya ba, iska na da laima, tanar ma ta fito kusa da saman ƙasa inda za a same ta. Wanda ya fara haka zai ɗebi takin farko wajen Nuwamba ko Disamba, daidai da dashen salati da tumatir, tanar kuma ta hayayyafa kafin zafin Maris ya kunno kai.

Wuri sai mai inuwa wuni guda. Gindin bedi ko mangwaro ya yi, haka ma jikin katangar ƙasa idan an kafa rumfa. A tsaya a wurin da ƙarfe uku na rana a duba, don inuwar safe na ruɗar mutane.

Hattara: kada a yi a kwari inda ruwan tsakar gida ke taruwa, ko ƙarƙashin indararo. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika ramin.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ana buƙatar shebur, diga, bokiti, gwangwanin da aka huhhuda gindinsa don yayyafi, rariya mai manyan idanu, buhunan algarara uku ko huɗu, zana biyu, ragar waya da za ta rufe bakin rami, tsakuwa bokiti shida, da bulo kusan 40. Kayan ruɓarwa kuwa: takin dabbobi babban buhu uku, busasshen kara da ganye da ƙaiƙayi buhu shida.

Bulo da ragar waya ne suka fi cin kuɗi, ana samunsu a Kasuwar Dole da wajen masu buga bulo. Tubalin ƙasa na maye gurbin bulo, ya ma fi shi riƙe sanyi, illa dai yana son a kare shi daga ruwan sama. Mai awaki a gida ba ya sayen taki. Kuɗin da mutane ke mantawa da shi a lissafi shi ne na ruwa: jiƙa tarin farko kaɗai na cin bido 6 zuwa 8 masu lita 25. Idan daga ƴan garuwa ake saye, a yi lissafin nan kafin a fara haƙa.

Wanda yake son ya gwada tukuna, tsohuwar randa mai tsagewa ta ishe shi. A huda gindinta, a binne rabinta a ƙasa cikin inuwa. Jikin randa na tsattsafar da ruwa, yana sanyaya abin da ke ciki, abin da robar ganga ba ta yi.

3. Gina ramin

A haƙa rami mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin santimita 80, zurfin santimita 40. Kada faɗin ya wuce haka, domin hannu ya riƙa kaiwa tsakiya ba tare da an taka ciki ba. A jera bulo a gefuna layi uku: biyu a cikin ƙasa, na uku ya fito sama santimita 20 don ya tare ruwan da ke malala da rairayin da iska ke kwasowa. Ƙasan ramin kada a yi masa daɓen siminti. A zuba tsakuwa kaurin yatsu uku, a shimfiɗa tsohon buhu a kanta, ruwan da ya yi yawa ya samu hanyar tsiyayewa.

Unguwanni da dama a garin nan a kan dutse suke, diga ba ta shiga. A irin wannan wuri sai a gina a bisa ƙasa da bango biyu na tubali, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, a cika ta da rairayi, a riƙa jiƙa shi.

Rumfa ta kasance ta zana ko kara, tsayinta ya kai a sunkuya a yi aiki. Hattara: kwanon rufi shi kaɗai na gasa abin da ke ƙarƙashinsa. Idan dole ne a sa shi saboda damina, a ɗora zana a kansa, a kuma ɗaga shi sama da mita ɗaya daga bakin ramin.

4. Ruɓar da abincin kafin a kawo tana

Nan ne mafi yawan masu farawa ke asara. Ɗanyen taki idan ya ji ruwa yakan ɗau zafi har digiri 60 ko fiye, ya kuma fitar da zarni mai ƙona fatar tana. Duk tanar da aka zuba a cikinsa ba ta kwana biyu. Dole tarin ya yi zafinsa ya huce a waje ɗaya daban.

A daddatse kara guntu-guntu, kada ya wuce tsawon yatsa. A jiƙa shi da ganyen da ƙaiƙayin su kwana. Kashin awaki da na tumaki yana da tauri, idan aka zuba shi yadda yake sai ya yi watanni bai fashe ba; a jiƙa shi kwana biyu, a daddaka da bayan shebur. Na shanu da na jaki sun fi saurin laushi, kuma su tana ta fi so. Kashin kaji yana da kaifi ƙwarai, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na takin duka.

Daga nan a jera: busassun kaya kaurin taƙi ɗaya, taki rabin haka, a yayyafa ruwa, a sake, har tarin ya kai tsayin ƙugu. Ana iya barbaɗa toka tafi ɗaya tsakanin layuka, ba fiye ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. A tsince leda, kwalba, ƙarfe da tsohon batir tun yanzu, musamman idan daga juji aka ɗebo wani abu.

Bayan kwana uku a soka sandar ƙarfe a tsakiya, a bar ta ɗan lokaci, a zaro a taɓa. Idan ta yi zafi, aiki na tafiya. Idan da sanyi ta fito, ko tarin ya bushe, ko taki ya yi kaɗan. A juya tarin duk bayan kwana 6 ko 7, na gefe ya koma ciki, a ƙara ruwa inda ya yi fari-fari. Mako uku zuwa huɗu ya isa. Alamar ya yi: launi ya koma baƙi-baƙi, zarni ya tafi, an cusa hannu har gwiwar hannu ba a ji ɗumi ba.

Hattara da abu biyu. Takin da aka kankaro daga ƙasan turke ya sha fitsari, yana da gishiri. A zuba shi a kwando a kwarara masa ruwa ya tsiyaye kafin a haɗa. Dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kuma, a ware kashinta na makonnin farko, a kai shi gona kai tsaye.

5. Samo tanar da ta dace

Ba kowace tana ke wannan aiki ba. Akwai mai zama can cikin ƙasa, fara-fara ko toka-toka, mai sanyin jiki, ƙasa take ci. Ita wannan ko an sa ta a rami ba ta zama, nutsewa take yi ta tafi. Wadda ake nema ita ce mai zama cikin ruɓaɓɓen ganye da taki a sama-sama: ja ce mai duhu, bayanta na ƙyalli, da an taɓa ta sai ta yi ta wutsil-wutsil. Fitacciyar irinta a Afirka ta Yamma ita ce masana ke kira Eudrilus eugeniae, tana son ɗumi tsakanin digiri 25 da 30. Ja ƙarama ta ƙasashen Turai, Eisenia fetida, ta fi son ƙasa da digiri 25, bazararmu na wahalar da ita.

A nema da damina da sassafe a wuraren da danshi ba ya yankewa: ƙarƙashin tsohon tarin taki kusa da rijiya, gindin ayaba, bakin magudanar garka. Garaken Mirya da Gidimuni da na kwarin Korama su ne irin wuraren da ya kamata a fara dubawa, da izinin mai garka. A ɗebo ta tare da ruɓaɓɓen kayan da aka same ta ciki, a sa a buhun algarara mai danshi, kada a ɗaure ta a leda, kada a ajiye ta bisa tankin babur.

Kafin a saki duka, a yi gwaji. A cika rabin kwano da ƙasa, rabi da abincin da aka ruɓar, gefe da gefe, a sa tana 20, a rufe da tsumma mai danshi. Bayan kwana uku a duba. Idan mafi yawansu na cikin abincin, an dace da iri, abincin ma ya nuna. Idan duk sun koma ɓangaren ƙasa, ko iri ne ba shi ba, ko abincin na buƙatar ƙarin mako guda.

6. Shimfiɗa makwanci da sakin tana

A zuba ruɓaɓɓen abincin a rami kaurin santimita 20, sako-sako, kada a danna. A barbaɗa rairayi mai laushi tafi biyu, domin da ƴan ƙwayoyin ƙasa take niƙa abinci a cikinta. A yayyafa ruwa, sannan a damƙi tafi ɗaya a matse da ƙarfi. Ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito ta tsakanin yatsu. Idan ruwa ya zubo shaa, ya yi yawa, a gauraya busasshen ganye. Idan babu ko ɗigo kuma dunƙulen ya warwatse, a ƙara ruwa. Wannan matsar ita ce ma'aunin da za a riƙa amfani da shi kullum.

Ramin wannan girman na ɗaukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tana. Wanda ya samu 200 ko 300 kawai, ya raba ramin da katako ya fara da kashi ɗaya cikin uku, ko ya fara a randa. Idan suka warwatsu a fili mai faɗi ba sa haɗuwa da juna, hayayyafa ta yi jinkiri. Kowace tana na da halittar namiji da ta mace a jikinta, amma galibi sai biyu sun haɗu suke hayayyafa.

A saka su da yamma, a ajiye a sama kawai, su da kansu za su nutse. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ɗora ragar waya, a danne ta da duwatsu. Daren farko da na biyu sukan so yawo. A rataya ƴar fitila bisa ramin, haske zai mayar da su ciki. Mako na farko kada a ba su komai, makwancin kansa abinci ne.

7. Ciyarwa da ban ruwa

Tana lafiyayya na iya cin kusan rabin nauyinta a rana, amma sabuwar zuwa ba ta kai haka. A fara da tafi biyu, a tona ɗan gurbi a kusurwa ɗaya, a zuba, a rufe. Bayan kwana uku a koma kusurwa ta gaba. Idan aka zagayo ta farko aka tarar da saura da yawa, a dakata. Abinci ya yi kaɗan ya fi ya yi yawa, don wanda ya yi yawa shi ke tsami, ya yi zafi, ya kira ƙuda.

Abin da ake ba ta: ɓawon kankana, kabewa, ayaba, dankali da mangwaro, ragowar salati da kabeji, karan zogale da aka zage, ganyen shayi da aka ɗauraye sukarinsa, kwali da aka yayyaga aka jiƙa, ɓawon ƙwai dakakke. Duk a yayyanka ƙanana. Sau ɗaya a mako a shimfiɗa sauran abincin tarin nan kaurin yatsu biyu a rabin ramin kawai, ɗaya rabin ya zama mafaka idan sabon ya ɗan ɗau ɗumi.

Abin da ba a ba ta: miya da duk abin da gishiri ko mai ya taɓa, nama, kifi, tonka, ɓawon lemun tsami, albasa mai yawa, ruwan kanwa, toka kai tsaye. Dusa na jawo zafi da ɓera, idan za a sa a barbaɗa kaɗan.

Ruwa kuwa, na alwala da aka tara a bokiti ya wadatar a gidaje da yawa, haka na ɗauraye kayan miya da na wanke shinkafa. Ƙasari na da tsami, a sirka shi da ruwa ninki uku. Ruwan wanki da na wanke-wanke, da duk wanda sabulu ya shiga, bai halatta a ramin nan ba ko sau ɗaya. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Rijiyar da ruwanta ke da ɗanɗanon kanwa a guje ta, gishirinta taruwa yake yi a hankali har ranar da za a ga tanar ta kama bango. Lokacin sanyi lita 2 zuwa 3 a rana kan isa, a kan buhun ake yayyafawa, ba a kwarara a ciki.

8. Gane halin da take ciki

Tana ba ta ɓoye damuwarta. A ɗaga buhun da safe a duba.

Idan an gan su a ƙarƙashin buhun suna ci, suka nutse da ganin haske, lafiya lau. Idan suna hawa bango da yawa da rana tsaka, makwancin ne ya ɓaci: tsami, gishiri, zarni ko rashin iska. A shinshina. Warin tsami ko na ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa da abinci sun yi yawa. A kwashe abincin da ya lalace, a sassauta makwancin da yatsu, a gauraya busasshen ganye da kwali, a daina ban ruwa kwana biyu.

Idan sun dunƙule wuri guda sun nannaɗe juna a can ƙasa, zafi ne ko bushewa. Idan sun rame, sun yi fari, kumburi mai kamar zobe da manyansu ke da shi kusa da kai ya ɓace, yunwa ce ko cunkoso. A ƙara abinci ko a raba su rami biyu. Fita kaɗan da dare bayan ruwan sama ba abin tashin hankali ba ne.

Alamar da ta fi daɗin gani ita ce ƙwai. Girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba, mai ɗan tsini, ana samunsa a santimita 5 na sama. Cikin mako biyu zuwa uku yake ƙyanƙyashewa, ƴaƴan su fito siri-siri farare, su balaga cikin mako 6 zuwa 8. Ramin da aka ga ƙwai a cikinsa ya karɓi tana.

9. Maƙiyanta

Kaji da zabi na iya ƙarar da ramin a wuni ɗaya, ragar waya don su aka sa ta, da kwaɗi, ƙadangare, jaɓa da gafiya. Tururuwa da cinnaka na shiga ne idan makwanci ya bushe. A jiƙa shi, a zagaye bangon ta waje da toka. Gara ma busasshen kara take bi. Gwazarma idan ta bayyana a tsince a ba kaji. Maganin ƙwari, na fesawa ko na gari, kada ya kusanci wurin.

Hattara: wuri mai sanyi da danshi na jawo kunama, wani lokaci har maciji. Da sanda ake ɗaga buhun, a kuma koya wa yara haka.

10. Tsallake hunturu da bazara

Da hunturu iska ce matsala, takan busar da saman ramin cikin sa'o'i. A kafa zana ta gabas da arewa, a ninka buhu biyu. A dararen Disamba da Janairu cin abincinta na raguwa saboda sanyi, sai a rage abin da ake zubawa.

Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, su ne jarrabawa. A rage abinci zuwa rabi, a daina sa dusa da duk abin da bai gama ruɓa ba. A bar makwancin ya yi kauri har santimita 30 ko 35 don ta samu inda za ta nutse, wato kada a kwashe taki duka gab da bazara. A ɗora busasshiyar ciyawa taƙi ɗaya bisa buhun. A yayyafa ruwa da asuba da kuma bayan la'asar, lita 5 ko fiye a rana, a jiƙa ƙasar da ke kewaye da bangon ma. Da ƙarfe uku na rana a cusa hannu tsakiya: sanyi-sanyi ya kamata a ji. Idan an ji ɗumi, a ƙara zana a kan rumfar ranar nan, ba gobe ba.

Tun a Maris a ɗebi tana tafi biyu da makwancinta a sa a ƙaramar randa, a ajiye a ɗakin ƙasa kusa da randar ruwan sha. Ita ce irin da za a sake farawa da shi idan na waje ya halaka. Ko an ga ramin ya mutu ma, kada a yi saurin kwashe shi. A ci gaba da jiƙa shi mako huɗu, don ƙwai ya fi uwar jure wuya.

11. Ɗibar taki

Bayan wata biyu zuwa uku saman makwancin zai koma baƙi, ɓarɓashi-ɓarɓashi, da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. A daina ban ruwa kwana uku. A ture komai zuwa rabin ramin, a zuba sabon abinci mai danshi a ɗaya rabin, shi kaɗai za a riƙa jiƙawa. Cikin mako biyu mafi yawansu sun ƙaura, sai a kwashe tsohon.

Mai gaggawa ya zuba takin a tabarma tsibi-tsibi cikin inuwa mai haske, ya jira minti 15 su nutse, ya yaye saman, ya sake jira, har a isa ga dunƙulen tana a gindi. Kada a yi wannan a rana tsaka, mintoci kaɗan ke kashe su. A tankaɗe da rariya, abin da ya rage a sama, da ƙwai da guntun kara, a mayar rami. Abin da za a samu kusan rabin abin da aka zuba ne.

A ajiye takin a buhu cikin inuwa da ɗan danshinsa. A binne ɓawon kankana a bakin buhun, bayan mako uku a duba, ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe za su taru a wurin, a mayar da su.

12. Yadda ake sa shi a garka

Don renon iri: kashi ɗaya na takin, kashi uku na ƙasa. A wajen dashen tumatir, tattasai ko kabeji, tafi ɗaya a kowane gurbi, a gauraya da ƙasar gurbin. A fangalin salati ko karas, kilo 1 zuwa 2 a kowace mita murabba'i, a cuɗa shi da santimita 10 na sama. Gindin zogale ko lemu, tiya ɗaya a zagaye, a rufe da ƙasa da ciyawa. Ba ya ƙona saiwa, kuma a ƙasar jigawa irin tamu yana taimaka wa fangali ya riƙe ruwa.

Hattara: kada a barbaɗa shi a fili a bar wa rana, bushewa yake yi ya yi tauri, iska ta kwashe. A rufe shi, a ba da ruwa nan take. Ana kuma jiƙa kwano ɗaya na takin a ruwa kwano goma ya kwana, a tace, a zuba a gindin shuka. Baƙin ruwan da ke tsiyayowa daga gindin randa kuwa daban yake, ya ratsa abin da bai gama ruɓa ba; a sirka shi a ba itatuwa, kada ya taɓa salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye.